Me ya sa kuɗin zinariyar Farankawa ba ya ɗauke da sunan sarki?

Tambaya: Malam, ina karatun tarihin Turai na bayan faɗuwar daular Rum. Na ci karo da hotunan wasu 'yan ƙananan sulallan zinariya na Farankawa, kuma mafi yawansu babu sunan sarki a jiki, sai sunan gari da na wani mutum. Wane irin kuɗi ne wannan, me ake yi da shi, kuma me ya sa masana suke ba shi muhimmanci haka?

Amsa: Ɗan'uwa, kuɗin da ka gani ana ce masa tremisis, wasu kuma su ce triyens. Faɗinsa bai wuce na maɓallin riga ba, nauyinsa kuma tsakanin giram 1.3 ne da 1.5. Sulusi ne na wani babban sulen zinariya mai suna solidus, wanda Ƙaisar Kustantin ya fito da shi a farkon ƙarni na 4. A tsarin Rumawa, daga laba ɗaya ta zinariya ana buga solidus 72, kowanne kimanin giram 4.5. Farankawa sun gaji wannan tsari ne lokacin da suka mallaki ƙasar Gol, wato yankin da a yau ya haɗa Faransa da Beljiyam da yammacin Jamus da wani ɓangare na Holan, a ƙarƙashin gidan sarautar da ake kira Merobinjiyawa, wanda ya yi mulki daga ƙarshen ƙarni na 5 zuwa 751.

Bari in ba ka ra'ayina tun da wuri, don ka san inda na dosa. Wannan kuɗi da farko ba na cefane ba ne. Kuɗin haraji ne, da tara, da diyya, da kyautar manya. Wanda ya bi sawunsa daga shekarar 500 zuwa 675 zai ga yadda tsarin karɓar haraji na Rumawa ya riƙa narkewa a hankali a hannun magadansu, kuma babu wata shaida da ta nuna wannan filla-filla kamar sulallan nan.

A 476 aka tuɓe ƙaisar na ƙarshe a Rum ta Yamma, amma zinariya ba ta daina magana da sunan ƙaisar ba. Kabarin Sarki Childeric, mahaifin Clovis, wanda ya rasu wajen 481, shi ne shaida ta farko. An gano shi a Tournai a 1653, kuma a cikin kayansa akwai sulallan zinariya fiye da 100, duka na ƙaisarorin Rum, na baya-bayansu na Ƙaisar Zeno. Zoben hatimin da ke tare da gawar yana ɗauke da sunan Childeric da laƙabinsa na sarki, amma kuɗin jakarsa na Kustantiniya ne. Abin takaici, ɓarayi sun sace mafi yawan wannan dukiya daga ɗakin ajiyar sarauta a Paris a 1831, suka narkar da ita. Da ba a zana kayan an buga a littafi tun 1655 ba, da mun yi asarar da ba ta da magani.

Clovis ma, duk da ya ci Syagrius, shugaban Rumawan arewacin Gol, a Soissons a 486, ya kuma karya Bisigotawa a Vouillé a 507, bai sa sunansa a zinariya ba. Gregory na Tours, bishof ɗin da ya rubuta tarihin Farankawa, ya ba da labarin cewa a 508 Ƙaisar Anastasius ya aiko masa da takardar girmamawa, sai ya sa rigar shunayya, ya hau doki a Tours yana watsa wa jama'a zinariya da azurfa, kamar yadda manyan Rum suke yi. Maƙeran Gol na wancan lokaci kwaikwayon kuɗin Anastasius da Justin da Justiniyan suke yi: hoton ƙaisar a gaba, mala'ikar nasara a baya, da haruffan da suka riƙa karkacewa saboda masu sassaƙa tambarin suna kwafa ne daga kwafi. Kada ka ɗauka jabu ne. Zinariyar mai kyau ce, nauyin kuma daidai. Mutane sun saba cewa sulen zinariya na gaskiya sai da kan ƙaisar, saboda haka aka ba su abin da za su karɓa ba gardama.

Wanda ya karya wannan al'ada shi ne Theudebert na Ɗaya, jikan Clovis, mai mulkin gabashin ƙasar daga wajen 533 zuwa 548. Farankawa sun samu Provence daga hannun Ostrogotawa wajen 537, Theudebert ya kai yaƙi arewacin Italiya a 539, sannan ya buga solidus da sunansa, har da laƙabin mai nasara. Siffar duk ta ƙaisar ce, sunan ne kawai ya canza, amma abin ya yi wa Rumawa ciwo. Marubucinsu Procopius ya yi ƙorafi cewa ko Kisran Farisa ba ya sa hotonsa a zinariya, balle wani sarkin baubayi, kuma 'yan kasuwa ba za su karɓi irin wannan kuɗi ba. Ya yi ƙari a batun Farisa, don sarakunan Sasaniyawa sun buga zinariya jefi-jefi. Sai dai fushinsa ya nuna mana abin da suna a kan zinariya yake nufi a lokacin: da'awa ce ta cewa ni ma daidai nake da ƙaisar.

Za ka zaci daga nan sarakunan Farankawa za su ci gaba da sa sunayensu. Ba haka aka yi ba, kuma nan ne tambayarka take. Wasu sun sa, amma kaɗan. A kudu, a Marseille da Arles da Uzès da Viviers, an ci gaba da buga zinariya da sunan ƙaisarori har farkon ƙarni na 7, kuma na ƙarshensu shi ne Hiraƙla, wanda muka sani a tarihin Musulunci. Sai wajen 613 Chlothar na Biyu ya maye gurbin sunan ƙaisar da nasa a Marseille. A sauran ƙasar kuwa, daga wajen 570 zuwa 580, wani sabon salo ya bayyana wanda ya ɗauki kusan shekara ɗari: a gaba kan mutum da rawanin sarauta ba tare da an ce ga ko wane ne ba, kewaye da sunan wurin da aka buga; a baya gicciye, kewaye da sunan mai bugawa, wanda ake kira monetarius. Misali sananne shi ne mai rubutun DORESTATI FIT a fuska ɗaya, MADELINVS M a ɗayar, ma'ana an yi shi a Dorestad, Madelinus ne mai bugawa.

A daidai wannan lokaci aka rage nauyi. Rumawa suna auna solidus da wani ƙaramin awo, silikwa, 24 a solidus, 8 a tremisis. A Gol aka koma 21 da 7, kuma ba a ɓoye ba: za ka ga XXI ko VII an rubuta a gefen gicciye. Wannan ya raba kuɗin Gol da na daular. A 595 Fafaroma Gregory ya rubuta wa Candidus, wakilinsa mai kula da gonakin coci a Gol, cewa kada ya aiko da kuɗin can, don ba a kashe su a Italiya. Ya umarce shi ya saya wa matalauta tufafi da su, ko ya sayi samarin bayi 'yan Ingila masu shekara 17 ko 18 a tarbiyyantar da su a gidajen ibada. Wasiƙa ɗaya ta gaya mana abu biyu: kuɗin Farankawa ya zama na cikin gida, kuma ana cinikin bayi daga Ingila zuwa Gol.

Yawan sunayen shi ne abin mamaki. Masana sun tattara sunayen wurare kimanin 800 da na masu bugawa fiye da 1,000 daga jikin waɗannan sulalla. A ƙarshen zamanin Rum, gidajen buga kuɗi na Gol uku ne fitattu, Trier da Lyon da Arles. Daga uku zuwa ɗaruruwa! Wasu wuraren manyan birane ne kamar Paris, Orléans, Metz da Chalon-sur-Saône. Da yawa kuwa ƙauyuka ne ko gandayen manya, waɗanda ba a san su ba sai ta sule ɗaya ko biyu. Akwai kuma masu ɗauke da sunan fada, ko baitulmalin sarki, ko wata majami'a kamar ta Martin a Tours.

Tsofaffin marubuta sun karanta wannan a matsayin alamar rugujewar mulki: sarki ya yi rauni, kowa ya kafa maƙerarsa yana buga abin da ya ga dama. Ban yarda da wannan fassara ba, kuma dalilina yana jikin kuɗin. Da kowa gaban kansa yake yi, da nauyi ya bambanta daga gari zuwa gari, da wani ya buga tsantsa wani ya cika algus. Abin da awo ya nuna shi ne nauyin kusan ɗaya ne daga bakin Bahar Rum har bakin kogin Rhine, kuma lokacin da ingancin zinariyar ya fara sauka, ya sauka ne kusan tare a ko'ina. Wurare ɗari takwas ba sa yin kuskure iri ɗaya a lokaci ɗaya sai da mai ba da umarni. Ƙari a kan haka, salon ya fi ƙarfi ne a zamanin Chlothar na Biyu da ɗansa Dagobert, wanda ya rasu a 639, kuma su ne sarakunan da suka fi riƙe ƙasar gam a duk ƙarnin.

Fassarar da ta fi gamsar da ni ita ce ta haraji, kuma muna da shaida daga rayuwar mutum ɗaya da ya yi aikin da hannunsa. Eligius, wanda Faransawa suke kira Eloi, an haife shi wajen 588 kusa da Limoges. Ya koyi ƙira a wurin Abbo, maƙerin zinariya mai kula da gidan buga kuɗi na Limoges. Abokinsa Audoin, bishof na Rouen, ya rubuta tarihinsa, ya ce Chlothar ya ba shi zinariyar yin karaga ɗaya, sai ya fito da biyu daga cikinta, amanar da ta sa sarki ya jawo shi jiki. Sunansa yana kan sulallan Paris da na fada da na Marseille, a zamanin sarakuna uku, kafin a naɗa shi bishof na Noyon a 641. A cikin wannan tarihi akwai wurin da aka kwatanta yadda ake tara harajin yankin Limoges: bayan an haɗa shi wuri ɗaya, jami'in sarki da mai buga kuɗi sukan narkar da zinariyar a wuta su tace ta, domin abin da za a kai fada ya zama tsantsa. Wannan al'adar Rumawa ce tsaf. Tun dokokin 366 da 367 aka wajabta narkar da zinariyar haraji kafin a kai ta baitulmali, don kada masu karɓa su sauya mai kyau da marar kyau a hanya.

To in ka ɗora wannan a kan sulallan, sai rubutun ya yi ma'ana. Sunan wuri yana faɗin inda kuɗin ya fito, sunan mai bugawa yana faɗin wanda za a kama in an samu algus. Sunan sarki ba shi da aiki a nan, don sarki shi ne mai karɓa. Manomi yana biya da hatsi ko giya ko dabba, wani mai hali ya karɓi kayan ya ba da zinariya a madadinsu, mai bugawa ya tace ya buga ya sa sunansa. Wannan ne ya sa ƙauyen da ba shi da kasuwar kirki yake da sule mai sunansa. Ba lallai ne a ce akwai gidan buga kuɗi na dindindin a can ba. Kayan aikin ba su da yawa: tambari biyu, guduma, ma'auni, kaskon narka ƙarfe. Ana samun sunan mutum ɗaya a wurare da dama na yanki guda, ana kuma gane hannun mai sassaƙa ɗaya a tamburan garuruwa daban-daban. Masana ba su gama saɓani a kan wannan ba, akwai masu ganin kuɗin fito da hayar gandaye da ciniki sun fi harajin ƙasa tasiri. Amma kusan babu mai riƙe da zancen rugujewa a yau.

Labarin Eligius ya kuma gyara wani zato. Mai bugawa ba lallai talakan maƙeri ne mai zama gaban zuga-zugi ba. Wasu cikinsu manyan mutane ne masu dukiyar da za su tsaya wa kuɗin, kuma mai yiwuwa wasu ne suke yi musu bugun.

Don ka gane girman darajar ɗan wannan sule, duba dokokinsu. Dokar Salik, tsohon kundin dokokin Farankawa, ta sa diyyar ɗa Bafaranke solidus 200, ta Barume mai gona 100, ta na hannun daman sarki 600. Dokar Farankawan bakin Rhine, ta ƙarni na 7, ta ƙiyasta lafiyayyen sa a solidus 2, kwalkwali 6, takobi da kubensa 7, sulke 12. Ke nan tremisis shida sa guda ne. Babu mai zuwa sayen burodi da irin wannan. Ƙananan kuɗin azurfa da na tagulla da aka ɗan buga a ƙarni na 6 sun ɓace, har aka kai lokacin da kusan babu wani kuɗi a ƙasar sai zinariya. Talaka yana rayuwarsa ta yau da kullum da musaya da bashi. Yana haɗuwa da zinariya ne ranar haraji, ranar shari'a, ko ranar fansar ɗan'uwa daga bauta. Manya kuwa da ita suke sayen ƙasa: wasiyyar Bishof Bertram na Le Mans ta 616 ta lissafa gandayen da ya saya da farashinsu a solidus. Har neman aure tana shiga, don al'adarsu ita ce a ba da solidus ɗaya da dinari ɗaya na azurfa a matsayin kamu. Ana kuma samun sulallan a kaburbura, wasu a bakin mamaci, wasu an yi musu kunne an rataya a wuya, wani lokaci da ɗan ƙaramin ma'auni a gefen gawar, alamar cewa ana auna su ne, ba ƙirgawa kawai ba.

Ban ce babu ciniki ba. Philip Grierson, babban masanin kuɗin wannan zamani, ya ja hankali a 1959 cewa kuɗi yakan yi tafiya ta hanyar kyauta da ganima da fansa, saboda haka ganin sule a nesa ba hujjar fatauci ba ce. Gaskiya ne. Amma tun da na'urar gano ƙarfe ta yaɗu, an tsinci ɗaiɗaikun tremisis masu yawa a gonakin gabashin Ingila da Holan, irin waɗanda suka faɗi daga hannun mutane, ba waɗanda aka binne da gangan ba. Kuɗin da ke faɗuwa haka kuɗi ne mai yawo. Kuma tun daga wajen 630 tashoshin jiragen ruwa na arewa, Dorestad a bakin Rhine da Quentovic a gaɓar da ke fuskantar Ingila, suka shiga sahun masu buga kuɗi da yawa. Madelinus kansa ya fara aiki a Maastricht ne kafin ya koma Dorestad. A ganina kuɗin an haife shi don haraji, sai fatake suka karɓe shi, kuma nauyin harkar ya riƙa gangarawa daga Marseille zuwa Tekun Arewa.

Muhimmancinsu ga masu haƙar tarihi ya fito fili a Sutton Hoo, a yankin Suffolk na Ingila. A 1939 aka tone wani tudu aka samu jirgin ruwa mai tsawon mita 27 da aka binne wani babban mutum a ciki, da kwalkwali da takobi da kayan zinariya. Babu rubutun da ya faɗi sunansa ko shekararsa. A cikin jakarsa akwai tremisis 37 na Farankawa, kowanne daga wurin bugu daban, da fayafayan zinariya 3 da ba a buga musu komai ba, da 'yan curi 2. Su ne babban abin da ake dogara da shi wajen sa wa kabarin shekara. Da farko an ce an binne shi wajen 650 ko bayan haka. A 1960 masanin Faransa Jean Lafaurie ya sake tsara jerin kuɗin Merobinjiyawa ya jawo lokacin baya zuwa wajen 625, sannan binciken da aka yi a gidan tarihi na Birtaniya ya auna yawan zinariyar kowane sule, aka gwada da na sarakunan da aka san shekarunsu, sakamakon ya goyi bayan lokacin da Lafaurie ya faɗa. Wannan gyara na shekara 25 ko 30 shi ya sa ake danganta kabarin da Rædwald, sarkin Angliya ta Gabas, wanda ya rasu wajen 624. Grierson ya kawo shawarar cewa 37 da 3 sun cika 40, ladan matuƙa 40 ke nan, curi biyun kuma na shugabannin jirgin. Shawara ce mai daɗin ji, amma zato ce. Wasu kuma sun nuna cewa in wuraren bugu sun kai ɗaruruwa, ɗibar 37 ba tare da maimaici ba ba abin mamaki ba ne. Bayan wannan akwai taskar Crondall da aka samu a 1828, mai sulalla kimanin 100 na wajen 640, inda na Farankawa suke gauraye da na farko-farkon da Ingilawa suka buga suna kwaikwayonsu, da ta yammacin Norfolk mai sulalla 131 da aka sanar a 2021.

Hanyar sa shekarar ta dogara ne da algus. Wajen shekarar 600 tremisis yana da zinariya kusan kashi 90 cikin 100 ko fiye. A zamanin Dagobert aka fara ƙara azurfa sosai, kuma kafin 670 zinariyar ta sauka ƙasa da kashi 30, har launin ya koɗe ya zama fari-fari. Wajen 675 aka daina gaba ɗaya, aka koma dinarin azurfa mai girma da nauyi kusan iri ɗaya.

Me ya cinye zinariyar? A nan za ka haɗu da Henri Pirenne, masanin Beljiyam, wanda a littafinsa da ya fito a 1937 ya ce yaɗuwar Musulunci ce ta rufe Bahar Rum, ta yanke Gol daga gabas, zinariya ta ƙafe. Ya yi daidai da ya ce tsarin Rum bai mutu a 476 ba, kuma sulallan nan suna cikin hujjojinsa masu ƙarfi. Amma a kan musabbabin ƙarshen, shekarun ba su ba shi gaskiya ba. Algus ya fara tun shekarun 630, lokacin da rundunonin Musulmi suke Sham. Kartaj, a Tunisiya ta yau, ba ta faɗi ba sai 698, Andalus sai 711, zinariyar Farankawa kuwa ta riga ta ƙare tun 675. Ba a ɗora wa abin da ya zo daga baya laifin abin da ya riga shi.

Dalilan da suka fi ƙarfi biyu ne. Na farko, mashigar ta toshe. Zinariya mai yawa tana shigowa Gol ne a matsayin kuɗin siyasa. Ƙaisar Maurice ya ba sarkin Farankawa Childebert na Biyu solidus 50,000 don ya yaƙi Lombardawa a Italiya. Ƙaisar Tiberius ya aika wa Sarki Chilperic lambobin zinariya masu laba ɗaya-ɗaya, waɗanda ya nuna wa Gregory na Tours yana alfahari. Yaƙin Rum da Farisa na 602 zuwa 628 ya tsotse baitulmalin Kustantiniya, har Hiraƙla ya narkar da kayan majami'u don biyan soja. Wanda yake cikin wannan hali ba ya aika wa Farankawa kyauta. A lokaci guda zinariyar da ke ƙasar tana ta shiga kaburbura da taskokin majami'u, tana zama kofuna da gicciye da adon makwantan waliyyansu. Eligius kansa ya ƙera irin waɗannan da yawa.

Na biyu, kuma shi na fi ba nauyi, harajin da ke juya zinariyar ya mutu. Daular Rum tana karɓar zinariya ne don ta biya soja albashi, sojan ya kashe, ta sake karɓa. Sarkin Farankawa ba ya biyan albashi. Mayaƙansa ƙasa yake ba su da rabon ganima. Haraji ya zama abin tarawa a taska kawai, kuma jama'a sun tsane shi. Da Theudebert ya rasu, mutanen Trier suka jefe Parthenius, jami'in da ya ɗora wa Farankawa haraji, har lahira. A 579 mutanen Limoges suka ƙone littattafan harajin Chilperic, mai karɓar ya sha da ƙyar. A 614 Chlothar na Biyu ya yi alkawari a dokar Paris cewa za a janye sababbin harajin da jama'a suka koka da su. Sarakuna kuma suka riƙa ba majami'u da gidajen ibada takardun yafe haraji da hana jami'an sarki shiga gandayensu. Da harajin ƙasa ya zama tsohon zance, sai babu mai tilasta wa kowa neman zinariya kowace shekara, babu kuma dalilin kiran mai bugawa ƙauye.

Komawa azurfa ba koma-baya ba ce, ko da yake haka ido yake gani. Dinarin azurfa ƙaramin kuɗi ne da za a iya sayen kayan kasuwa da shi, kuma Farankawa suna da ma'adininsa a gida, a Melle da ke yankin Poitou. Ingila da Frisiya, gaɓar Holan ta yau, sun yi irin wannan sauyi a kusan lokaci ɗaya. A gabas kuwa zinariya ta ci gaba: a shekara ta 77 bayan Hijira, wato 696 zuwa 697, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fito da dinarin Musulunci mai rubutu zalla, giram 4.25, wanda shi ma daga solidus ya samo ma'auninsa. Sunan sarki ya dawo kan kuɗin Farankawa ne da sabon gidan sarauta. Pepin, wanda ya kawar da Merobinjiyawa a 751, ya yi dokar kuɗi a 755, sunayen masu bugawa suka fara ɓacewa. Ɗansa Sharlaman ya ƙara nauyin dinari zuwa kimanin giram 1.7 wajen 793 zuwa 794. Solidus ya saura a lissafi kawai: dinari 12 solidus ɗaya, solidus 20 laba ɗaya. Wannan lissafi ne Ingila ta riƙe har 1971, shi ne kuma iyayenmu suka sani da kwabo 12 sule, sule 20 fam, kafin naira ta zo a 1973. Yammacin Turai bai koma buga zinariya sosai ba sai ƙarni na 13, da Genoa da Florence suka fara a 1252, kuma kaso mai yawa na wannan zinariya ta Afirka ta Yamma ce da ta ƙetare Sahara.

Tun da karatu kake yi, ga abin da za ka kiyaye in kana duba hotunan. Fara da karanta fuska biyun: wadda ke da FIT ko FITVR sunan wuri ne, wadda ke da M ko MON ko MONETARIVS sunan mai bugawa ne. Sunayen wuraren da Latin suke, kuma da yawa har yau ana gardamar wane gari ne, don ƙauyuka da dama suna da suna iri ɗaya. Sunayen mutanen kuma taska ce ga masu nazarin harshe, saboda suna nuna yadda sunayen Jamusanci da na Rumanci suka cakuɗa, da yadda Latin yake sauyawa a bakin mutane. Manyan tarin suna ɗakin karatu na ƙasa a Paris, wanda Maurice Prou ya tsara kundinsa a 1892, da gidan tarihi na Birtaniya, da Fitzwilliam a Kambirij inda tarin Grierson yake. Sannan kada ka ɗauki suna a matsayin hujjar cewa mai sunan ne ya buga. Sulallan Madelinus sun samu karɓuwa har mutanen Frisiya suka yi ta kwaikwayonsu shekaru da yawa, haruffan suna lalacewa, zinariyar tana raguwa, har aka kai ga masu sunansa da azurfa ce kusan zalla. In ka ga biyu masu rubutu ɗaya, ɗaya ja ɗaya fari-fari, farin ne na baya, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana iya kai shekara 20 ko 30.